Lamba 720,720 da Abin da Ke Cikinta: Kira ga Malaman Lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata lamba guda ɗaya, wato 720,720, wadda ta tsaya mini a rai tun bayan kakar bana. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyar da lissafi a makarantun Jihar Bauchi kafin in ajiye alli in koma gona, kuma ina ganin abin da na gano a cikin wannan lamba zai amfani malaman firamare da na sakandare, da ɗalibansu, har ma da malaman da ake kira rabon gado.

Mu goma sha ɗaya ne muka yi noman haɗin gwiwa a wata gona da ke kan hanyar Dass. Da muka kai masararmu kasuwar Muda Lawal aka sayar, aka cire kuɗin dako da na buhuna da ladan dillali da bashin takin da muka ci, abin da ya rage a takardar ma'aji shi ne naira 720,720. Bayan sallar la'asar muka zauna a kan tabarma a ƙofar gidan shugabanmu, ma'aji ya ɗauko wayarsa ya raba kuɗin gida goma sha ɗaya, kowa ya tashi da 65,520, babu ko kwabo da ya yi saura. Sai wani dattijo a cikinmu ya ce ya kamata a ware wa masallacin unguwa kaso ɗaya; aka raba gida goma sha biyu, ya ba da 60,060 cif. Wani kuma ya tuna da yaron da ya kwana yana gadin masarar tun daga girbi har ranar lodi, aka amince a ba shi kaso, aka raba gida goma sha uku, ya ba da 55,440. A nan ne ma'aji ya ɗago kai ya dube ni, sannan ya ci gaba da gwadawa don kansa: goma sha huɗu ta ba da 51,480, goma sha biyar ta ba da 48,048, goma sha shida ta ba da 45,045. Ya koma baya ya gwada tun daga biyu har goma, duk suka shiga daidai. Sai da ya kai goma sha bakwai wayar ta fito da ɗigo da jerin lambobi a bayansa, domin a nan saura biyar ke raguwa. Dattijon nan ya juyo ya ce mini, "Malam, kai ne ka san lissafi. Wannan albarka ce ko kuwa akwai dalili?" Na ce masa, "Baba, albarka daga Allah take, amma dalilin yana nan a rubuce a cikin lambar, kuma zan kawo maka shi." Wannan wasiƙa ita ce cikon alkawarin.

Kafin a shiga cikinta ya kamata a fara sanin girmanta, domin ko faɗarta da Hausa na bukatar kula. Idan mutum ya ce "dubu ɗari bakwai da ashirin", mai sauraro bai san ko 700,020 ake nufi ko 720,000 ba, shi ya sa masu hankali a kasuwa suke cewa dubu ɗari bakwai da dubu ashirin, sannan su ƙara da ɗari bakwai da ashirin. A zamanin wuri, lokacin da keso ɗaya yake ɗaukar wuri dubu ashirin, kakanninmu za su ce keso talatin da shida da wuri ɗari bakwai da ashirin. Wanda kuma ya zauna yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutawa, zai yi kwana takwas da awa takwas da minti goma sha biyu kafin ya kai ƙarshenta.

Tambaya ta farko da ake yi wa kowace lamba ita ce wadda yara ke yi a wasa, cika ce ko mara. Wannan cika ce, tunda da sifiri ta ƙare, kuma wannan sifirin ya isa shaida cewa biyar da goma suna raba ta. Lambobi biyu na ƙarshe, wato 20, suna rabuwa da huɗu, saboda haka ita ma tana rabuwa da huɗu; uku na ƙarshe, wato 720, takwas ce sau casa'in, saboda haka takwas ma ta shiga. Idan aka tara alƙalumanta, bakwai da biyu da sifiri da bakwai da biyu da sifiri, za a sami 18, kuma duk lambar da jimlar alƙalumanta ke rabuwa da tara, to tara da uku suna raba ta. Duk wannan ana iya yin sa da ka, ba a taɓa waya ba. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne bakwai da goma sha ɗaya da goma sha uku, domin waɗannan lambobi ne masu taurin kai da ba kasafai suke haɗuwa a wuri ɗaya ba. Sirrin yana cikin maimaicin da ido ke gani: 720 aka rubuta sau biyu a jere, kuma rubuta lamba mai alƙalami uku sau biyu daidai yake da ninka ta sau 1,001. Ita kuwa 1,001 ba komai ba ce illa bakwai sau goma sha ɗaya sau goma sha uku. Mai karatu ya gwada da duk lambar da ya ga dama, 315,315 ko 948,948, zai tarar waɗannan ukun suna raba ta babu saura. Na sha yi wa 'yan aji shida wannan, in ce kowa ya zaɓi tasa a ɓoye, ya rubuta ta sau biyu, ya raba da bakwai, ya raba amsar da goma sha ɗaya, ya sake rabawa da goma sha uku. Idan lambar da ya fara zaɓa ta dawo masa, yadda fuskarsa ke haske ya fi mini duk wata takardar yabo.

Akwai lambobin da ba su rabuwa da komai sai da ɗaya da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13 da 17. Ni a aji nakan kira su gagara-rabo, kuma su ne tubalan da aka gina sauran lambobi da su, domin kowace lamba da ta wuce ɗaya, in ba gagara-rabo ba ce, to ninkin wasu gagara-rabo ce, kuma hanya ɗaya tak ake iya warware ta zuwa gare su. Tushen wannan ƙa'ida yana cikin aikin masanin lissafin nan Iƙlidis na Iskandariyya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Idan aka warware 720,720, tubalanta su ne biyu sau huɗu a jere, wato 16, da uku sau biyu a jere, wato 9, sai 5 da 7 da 11 da 13 kowace sau ɗaya. Ninka 16 da 9 da 5 ya ba da 720, ninka 7 da 11 da 13 ya ba da 1,001, shi ke nan lambar ta tashi. Duk wanda ya riƙe waɗannan tubala ya san amsar kowace tambayar rabo kafin a yi ta. Goma sha huɗu za ta shiga domin akwai biyu akwai bakwai. Goma sha biyar za ta shiga domin akwai uku akwai biyar. Goma sha bakwai ba za ta shiga ba domin babu ita a cikin tubalan, haka ashirin da biyar, domin tana bukatar biyar sau biyu, alhali guda ɗaya ce a wurin.

Daga nan ne za a fahimci matsayinta na farko: ita ce mafi ƙanƙantar lamba da duk lambobi daga ɗaya zuwa goma sha shida suke rabawa daidai. Ba a sa mata tubali ko ɗaya da ba a bukata ba. Rabinta, 360,360, tana ɗaukar kowa har zuwa goma sha biyar, amma ta gaza a goma sha shida saboda biyu uku kawai gare ta. Wanda yake son a tsaya a goma, 2,520 ta ishe shi. Wanda kuma yake son a shigar da goma sha bakwai, dole ya yi tsalle har zuwa 12,252,240.

Sai kuma tambayar da ta fi daɗi, wato lambobi nawa ne gaba ɗaya suke raba ta. Ba sai an zauna ana gwada ɗaya bayan ɗaya har dubu ɗari bakwai ba. Duk mai raba ta an gina shi ne daga cikin tubalan nan, saboda haka abin da za a ƙirga shi ne hanyoyin zaɓe. Biyu ana iya barin ta, ko a ɗauke ta sau ɗaya, ko sau biyu, ko uku, ko huɗu, hanya biyar ke nan. Uku tana da hanya uku. Biyar da bakwai da goma sha ɗaya da goma sha uku kowace hanya biyu gare ta, a ɗauka ko a bari. Biyar sau uku sau biyu sau biyu sau biyu sau biyu ya ba da 240. Waɗannan 240 suna tafiya ne bibbiyu, ƙarami da babban abokinsa, ɗaya da 720,720, biyu da 360,360, uku da 240,240, har a iso tsakiya inda 840 ta haɗu da 858. Ma'anarsa a gona ita ce, manomin da yake da ramin shuka 720,720 yana da hanya 120 ta jera su a kunyoyi masu tsawo ɗaya, kuma wadda ta fi kusa da murabba'i ita ce kunya 840 kowace da rami 858. Murabba'i sosai kam ba zai samu ba, domin 848 sau 848 bai kai ba, 849 sau 849 kuma ya wuce da 81.

Don a ga girman wannan adadi, a kwatanta ta da miliyan ɗaya, lambar da kowa ke ambato da girmamawa. Miliyan ba ta da tubali sai biyu da biyar, kowace sau shida, saboda haka masu raba ta 49 ne kacal, kuma ko mutum uku ba za su raba ta daidai ba sai naira ɗaya ta yi saura. Ita kuwa 720,720, wadda ba ta kai miliyan ba, ta ninka ta kusan sau biyar a yawan masu rabawa. Babu wata lamba ƙasa da ita da masu raba ta suka kai 240. Wadda ta riƙe kambun kafin ta ita ce 665,280 mai 224, kuma ba a wuce ta ba sai a 1,081,080 mai 256. Irin waɗannan lambobi da suka fi duk na ƙasa da su yawan masu rabawa su ne masanin lissafin nan na Indiya, Sirinibasa Ramanujan, ya yi dogon nazari a kansu ya buga a shekarar 1915, shekara biyar kafin rasuwarsa yana ɗan shekara 32. A danginsu akwai 12 da 24 da 60 da 360, kuma duk wanda ya lura zai ga su ne lambobin da mutane suka daɗe suna auna abubuwa da su: dozin goma sha biyu, awa ashirin da huɗu a yini da dare, minti sittin a awa, digiri ɗari uku da sittin a da'ira. Ba don komai suka daɗe ba sai don suna rabuwa ba gardama. Ko sule na da, kwabo goma sha biyu ne, shi ya sa sisi da taro suka fita daga cikinsa daidai.

Akwai wani rabe-rabe kuma wanda ya fi wannan tsufa, wanda wani masanin lissafi mai suna Nikomakus ya rubuta wajen shekara ta 100 miladiyya, malaman Larabawa kuma suka gada. Ana tara duk masu raba lamba ban da ita kanta, sai a duba jimlar. Idan ta yi daidai da lambar, an kira ta kammalalliya, kamar 6, wadda ɗaya da biyu da uku suka ba da ita, da 28 da 496 da 8,128. Idan jimlar ta gaza, lambar mai naƙasu ce, kuma duk gagara-rabo a nan suke. Idan ta zarce, lambar mai yalwa ce. Masu raba 720,720, in an cire ita kanta, jimlarsu 2,529,072 ce, wato sun ninka ta sau uku da rabi da ɗan ɗori. Yalwarta ta kai matuƙa, kuma ban ga sunan da ya fi dacewa da ita ba bayan abin da na gani a kan tabarmar nan.

Ina so in ja kunnen ɗalibai a wuri guda, domin a nan ake yawan zamewa. Tunda duk lambobi daga biyu zuwa goma sha shida suna raba 720,720, babu ɗayansu da zai raba maƙwabciyarta ta ƙasa, 720,719, kuma mai gaggawa zai yanke hukunci cewa gagara-rabo ce. Ba haka ba ne, domin 31 sau 23,249 ita ce 720,719. Gwaji goma sha biyar da suka gaza ba hujja ba ne. Sai an bi duk gagara-rabo har zuwa tushen murabba'in lambar, wato adadin da in an ninka shi da kansa zai ba da ita, kafin a yi magana. A gefen sama kuma akwai abin da hujja ta tabbatar ba tare da gwaji ba: 720,722 tana rabuwa da biyu, 720,723 da uku, 720,724 da huɗu, haka har zuwa 720,736 da goma sha shida, wato lambobi goma sha biyar a jere babu gagara-rabo ko ɗaya a cikinsu. Wannan aikin warware lamba zuwa tubalanta, wanda ya zo mana da sauƙi a nan, idan lambar ta kai alƙalami ɗaruruwa kuma tubalanta manya ne guda biyu, manyan kwamfutoci ma yana gagarar su, kuma a kan wannan wahalar aka kafa wani sashe na tsaron saƙonnin banki da ke yawo a intanet.

Inda nake ganin maganar ta fi shafar mu kai tsaye shi ne ilimin gado. Rabon da Alƙur'ani ya ƙayyade shida ne: rabi, da rubu'i, da sumuni, da sulusi biyu, da sulusi, da sudusi. Abin da malami ke yi idan ya ce zai fitar da asalin mas'ala shi ne neman ƙaramar lambar da waɗannan kasusuwa za su fita daga cikinta babu karaya, shi ya sa asulan suka zama 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Wannan shi ne ainihin darasin da muke koyarwa a aji biyar da wani suna daban, yaro bai taɓa sanin abu ɗaya ba ne. A ce mutum ya rasu ya bar naira 720,720 bayan an biya bashi da wasiyya, magadansa kuma mata ɗaya da mahaifiya da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Matar tana da sumuni, 90,090. Mahaifiya tana da sudusi, 120,120. Abin da ya rage 510,510 ne, a raba shi gida bakwai tunda namiji yana da rabon mata biyu, kowace 'ya ta sami 72,930, kowane ɗa 145,860. Wannan ragowar ma abin kallo ce, domin 510,510 ita ce abin da ake samu idan aka ninka gagara-rabo bakwai na farko, daga biyu har goma sha bakwai, wato goma sha bakwai ɗin da ta ƙi shiga da farko ga ta ta bayyana a cikin saura. Amma lambar tana da iyaka a nan ma. A mas'alolin auli, inda rabo ya fi asali yawa, shida takan hau zuwa bakwai ko takwas ko tara ko goma, goma sha biyu takan hau zuwa goma sha uku ko goma sha biyar ko goma sha bakwai, ashirin da huɗu kuma zuwa ashirin da bakwai. Duk waɗannan 720,720 tana ɗaukar su in ban da biyu: goma sha bakwai, da ashirin da bakwai wadda ke bukatar uku sau uku a jere. Wato idan mamacin ya bar mata da iyaye biyu da 'ya'ya mata biyu, inda sumunin matar ke komawa tusu'i, wato ɗaya bisa tara, sai an shiga kwabbai.

Ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza a ƙarni na tara, ya ba da babban sashe na littafin ga lissafin gado da wasiyya. A ƙasar Hausa kuma muna da Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya yi rubutu a shekarar 1732 a kan yadda ake gina hatimin lambobi, inda kowane layi a tsaye da a kwance da a karkace ke ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Abin da ke damuna shi ne, a duk shekarun da na yi a aji, ni ma sau da yawa na koyar da neman masu raba lamba a matsayin matakai da za a haddace don jarrabawa, da kalmomin da yaro ba ya jin su a gida ko a kasuwa, har na ga ɗalibai masu kaifin basira, waɗanda ke lissafin canjin uwayensu da ka ba kuskure, suna cewa su ba su iya lissafi ba. Wannan nauyi ina jin sa har yau.

Roƙona ga malaman da ke aji yanzu shi ne su riƙa ɗaukar lamba guda ɗaya a mako, su rubuta ta a allo, su bar yara su yi mata tambayoyi da Hausa: cika ce ko mara, mene ne tubalanta, su wa ke raba ta, mai yalwa ce ko mai naƙasu. Ina kuma kira ga masana lissafi na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare su zauna da masana harshen Hausa da malaman fara'ili su daidaita mana sunayen waɗannan rukunoni, domin gagara-rabo da mai yalwa sunaye ne da na yi amfani da su a ajina kawai, kuma zan yi murna in an samo waɗanda suka fi su. Kai kuma, Edita, da za ka ware ɗan gurbi a wannan jarida don irin wannan, na yi alkawarin aiko maka da ta gaba, wato 510,510, tare da bayanin dalilin da ya sa masu raba ta suka zama 128. Kafin nan zan kai wa dattijonmu kwafin wannan fitowa in karanta masa a ƙofar gida, kamar yadda na alkawarta.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin lissafi,
Unguwar Jahun, Bauchi.